Ranar da Pak Kaji Ya Durƙusa wa Ngatiyem

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can gefen garin Wonogiri a tsibirin Java, ya san ƙarar kwalaben Mbok Ngatiyem, wato Inna Ngatiyem, kafin ya san fuskarta. Gari na wayewa za ka ji su suna gogar juna cikin kwandon da ta goya da zane, sannan muryarta ta biyo baya, "Jamu! Jamuuu!" Jamu shi ne jiƙon gargajiyar da take talla, akwai na kurkum da tsamiya don mata, akwai na shinkafa da citta don masu gajiya, akwai kuma wani baƙi mai ɗacin tsiya da take ajiye wa maza masu cika baki. In namiji ya kurɓa ya yamutsa fuska, sai ta ce, "Haɗiye, matarka ta haɗiye abin da ya fi wannan ɗaci."

Mijinta ya rasu da ciwon ƙirji tun ɗansu Parjan yana rarrafe. Da wannan kwandon ta ciyar da yaron, da shi ta yi masa kaciya, da shi ta aurar da shi. Ba ta da gona, ba ta da saniya, ƙafafunta ne duk dukiyarta, kuma ta san haka. Ita ce kuma mai yi wa yaran ƙauye ɗura. In yaro ya ƙi cin abinci, uwarsa ta kawo shi, Ngatiyem ta matse shi tsakanin gwiwoyinta, ta toshe masa hanci ta zuba masa jiƙo. Rabin dattawan da ke zama a sahun gaba yau sun taɓa yin fitsari a cinyarta don tsoro.

Cikin waɗannan yaran har da Marjuki, ɗan wata bazawara mai niƙan waken suya. Yaron ya girma ya buɗe rumfar awara, rumfar ta zama masana'anta, ya je Makka ya dawo ya sake komawa, ya zama Pak Kaji, wato Alhaji a bakinmu, mai farar hula. Shi ya shimfiɗa wa masallaci tayil. Kusan kowane gida akwai mai cin abinci a ƙarƙashinsa, har da Parjan, wanda ke juya tukunyar wake. Ruwan da ake tacewa daga awarar kuwa, wani bututu ne ke fitar da shi ya malala a kan hanyar siminti da kowa ke bi, ya yi gansakuka, ya yi yauƙi, ga tsami kamar an bar ƙullu ya kwana uku. Kowa ya yi tir da ruwan nan, amma a cikin ɗakinsa.

A watan Rajab abin ya faru. Ngatiyem ta taho da kwandonta cike, ta taka inda ta saba takawa, ƙafar dama ta zame. Ta faɗi a kan ƙugu, kwalabe suka tarwatse a bayanta, gilashi ya yanke ta, kurkum ya rine hanya. Yu Darsih, wato Yaya Darsih, mai tallan ganye tana bayanta, ita ta fasa ihu. Ma'aikata suka fito. Ka san abin da mai kula da su ya fara yi? Ya sa aka kawo toka da tsintsiya aka goge wurin tas, tsohuwa tana kwance tana kiran sunan Allah. Sai da hanya ta bushe sannan aka tuna da ita, Parjan ya ɗauke ta kamar buhu ya kai gida.

Wajen maɗori aka kai ta, don asibiti sai mai hali. Ya ja ƙafar har ta suma, ya shafa mai, ya ɗaure da tsagin gora, ya ce kafin azumi za ta yi rawa. Da aka kwance ɗorin, ƙafar ta gajarce, tafin ya juye waje kamar na agwagwa, ko tsayawa ba ta iya yi. Parjan ya roƙi aron mota aka kai ta asibitin birnin Solo. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mata: kan ƙashin cinya ne ya tsinke daga wuyansa, ɗori ba ya kama irin wannan. Sai an yanka an sa ƙarfe, kuma da wuri, kafin ƙashin ya mutu. In an yi, za ta sake tafiya. Kuɗin aikin ya kai na shanu biyu.

Ngatiyem ba ta da ko akuya. Amma ta san mai shanu.

Wata lauya, 'yar ɗaya daga cikin matan da ta daɗe tana sayar wa jamu, ta zo ta zauna a bakin tabarmarta ta saurari komai. Ta ce diyya haƙƙinta ce, ba roƙo ba ne. Za a fara zama gaban mai unguwa, in Pak Kaji ya ƙi biya, sai kotu. "Abu biyu kawai nake so, Mbok," in ji ta. "Kada ki karɓi komai daga hannunsa, ko da ƙwayar shinkafa ce. Sannan ki riƙe mai shaidarki." Yu Darsih tana wurin, ta bugi ƙirji ta ce ko gaban wa za ta faɗi abin da idonta ya gani, har da tokar.

Ba a kwana biyu ba sai ga Parjan da buhun shinkafa a kan babur, da sukari, da sabon zane.

"Daga ina?" in ji uwar.

"Pak Kaji ne ya ce a duba ki."

"Mayar masa."

"Mbok, don Allah. A can nake cin abinci."

"Ni kuma da ƙafar nan nake ci, Le ɗana, kai ma da ita ka ci har ka yi gemu. Mayar masa, ka ce shinkafa ba ta ɗora ƙashi."

Ya mayar, amma bai faɗi saƙon ba. Matarsa Tumini ta yini tana buga tukwane, tana magana da kaji don surukarta ta ji: wasu mutane sun kwanta sai an ɗauke su an ajiye, amma girman kai ya hana su karɓar abin arziki. Ngatiyem ta ji, ta juya fuska bango. Ita da ta yi shekara da shekaru tana zagaye ƙauyuka uku kafin hantsi, yau sai ta jira matar ɗanta ta ga dama ta kawo mata fo. Wannan ya fi karayar ciwo.

Mai unguwa Pak Lasiman mutum ne mai laushin murya, irin wanda zai yanka ka yana tambayar lafiyar iyali. Ya zo ya zauna, ya sha shayi, ya jajanta, ya ce za a zauna mana, ai Pak Kaji ɗan gida ne. Sai dai Pak Kajin ya yi tafiya sayen wake. Da ya dawo, sai aka ce yana fama da mura. Da mura ta sake shi, sai wata ya tsaya.

"Haba, Mbok Yem," in ji Pak Lasiman, "wa ke rigima da azumi a baki? Ki bari a sha ruwa. Bayan Sallah, in Allah ya kai mu, ni da kaina zan kira zaman."

"Ƙashina bai san azumi ba, Pak. Likita ya ce da wuri."

"Likita mutum ne, Allah ke warkarwa." Ya miƙe yana gyara hula.

Ta yi azumin a kwance, ƙafar tana ƙara ƙanƙancewa. Ana saura kaɗan Sallah, Tumini ta shigo fuska a sake, abin da ba a saba gani ba. Ta ce a share gida a wanke labule, don an aiko cewa bana Pak Kaji da kansa zai zo gaida Mbok, shi da liman da mai unguwa. "Kin ga girma! Mutumin da ake layi a ƙofarsa, shi ne zai tako gidanmu."

Ngatiyem ta gane dabarar nan take. Ba a yau aka haife ta ba. A wajenmu ranar Sallah ƙarami kan je gaban babba ya durƙusa, ya haɗa tafukansa a kan gwiwar babban, ya kifa goshi a kai, ya nemi gafarar abin da ya yi na fili da na ɓoye. Ba ya ɗaga kai sai babban ya amsa. Kuma abin da aka yafe ranar nan ya mutu, mai tono shi ba mutumin kirki ba ne. Lauya ta hana ta karɓar komai daga hannunsa, amma yarinyar birni ce, wannan ƙofar ba ta zo mata a rai ba.

"Ya zo," Ngatiyem ta gaya wa Yu Darsih da ta leƙo da yamma. "Wallahi ya zo da limaman Java gaba ɗaya. Bakina a ɗinke yake. Ya kifa kansa har ya yi saiwa."

"Za ki iya kuwa? Gaban jama'a?"

"Ni da na toshe masa hanci yana kashi a wando? Ki zuba ido."

Ranar Sallah aka yi mata wanka, aka ɗaura mata zanenta mai kyau, Parjan ya ɗauke ta ya ɗora a kan kujerar katako a tsakar ɗaki, don babba ba ya karɓar gaisuwa a kwance. Zaman kaɗai azaba ne. Gangar da ake kaɗawa a masallacinmu ranar Sallah na tashi, ƙanshin kaza da madarar kwakwa ya cika unguwa. Parjan ya fara durƙusawa, ya ɗora hannu a kan gwiwar hagu mai lafiya, a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Ta dafa kansa ta faɗi abin da uwarta ta faɗa mata, abin da kowace tsohuwa ke faɗa: "Na yafe, Le. Ni ma tsohuwa laifina da yawa, ka yafe mini. Allah ya wanke mu a wannan rana." Tumini ta biyo, maƙwabta suka biyo, kowa gwiwar hagu, kowa ya samu amsarsa.

Can sai hayaniya a waje. Pak Kaji Marjuki ya shigo cikin farar riga, liman a damansa, Pak Lasiman a hagunsa, ma'aikatan awara da matansu sun cika ƙofa da taga har ɗakin ya yi duhu. Yu Darsih ta raɓe a jikin bango. Pak Kaji ya tsaya daga bakin ƙofa ya cire takalmi, ya zube ƙasa, ya taho da rarrafe a kan gwiwoyinsa, babban mutum mai tumbi, mata suna "Allahu Akbar" ƙasa-ƙasa. Da ya iso gabanta ya haɗa tafukansa, ya ɗora su a kan gwiwar dama, ya kifa goshi, ya sake mata nauyinsa.

Kada wani ya ce maka kuskure ne. Babu yaron da bai san wace ƙafa ce ba a ƙauyen nan.

Zafin ya taso daga ƙugu ya soki ƙwaƙwalwarta kamar an cusa mata ƙarfe mai wuta. Ta ga ɗakin ya yi fari. Ta damƙe hannun kujera, ta cije leɓe.

"Mbok," in ji Pak Kaji, murya na rawa yadda na waje ma za su ji, "ke uwa ce gare ni. A cinyarki na sha magani na rayu. Na zo neman gafara, na fili da na ɓoye, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Ta yi shiru.

Shi ma bai motsa ba. Ai al'ada ta ba shi dama, ba ya ɗaga kai sai an amsa. Ya ƙara gyara durƙuso kamar mai kuka, kafaɗunsa na girgiza, kowace girgiza tana sauka a kan karyayyen ƙashin. Gumi ya keto mata. Tana jin kan ƙashin yana gogar wani abu a ciki. Ta nemi Parjan da ido, ya ga inda hannun ubangidansa yake, ya gani sarai, sai ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Hawaye suka zubo mata, ba ta iya tsayar da su ba.

"Allah sarki," wata ta ce daga taga, "zuciyarta ta karaya. Ku dubi hawaye."

Liman ya yi gyaran murya. "Mbok Yem, Allah da kansa yana yafewa a wannan rana."

Ta so ta ce ya ɗaga mata ƙafa. Amma wace tsohuwa ce za ta kori kan da aka kifa mata ranar Sallah? Kalmar ma ba ta cikin bakinta, ba a taɓa koya mata ita ba. Abin da ke bakinta guda ɗaya ne, wanda ta yini tana maimaitawa tun safe, kuma shi kaɗai ne zai ɗaga mutumin nan daga kanta. Ta riƙe, wallahi ta riƙe fiye da yadda ni da kai za mu iya. Sai Pak Kaji ya ja dogon numfashi ya ƙara dannawa.

"Na yafe!" Da ihu ta faɗe shi. Sauran ya biyo da kansa, a karye, "Ni ma tsohuwa... laifina da yawa... ka yafe mini."

"Na yafe miki, Mbok," in ji Pak Kaji, ya ɗago nan take, ido a bushe.

"Alhamdu lillahi!" in ji Pak Lasiman da ƙarfi, yana waiwayar jama'a. "Kowa ya ji, kowa ya shaida." Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Tumini ta fito da shinkafar da aka dafa cikin saƙar ganyen kwakwa, aka ci aka yi raha, Pak Kaji ya yaba miyar. Da za su tafi aka shigo da buhun shinkafar nan da sukari da zane, Tumini ta karɓa da hannu biyu. Ngatiyem tana kan kujera, ta jiƙa zanenta, ba wanda ya lura sai da ɗakin ya watse.

Bayan Sallah ta sa Parjan ya kira mai unguwa. Ya zo da murmushinsa.

"Zaman fa, Pak?"

"Wane zama kuma, Mbok Yem?"

"Na ƙafata."

Ya buɗe baki kamar ta yi saɓo. "Subhanallahi! Abin da kika yafe gaban liman? Kina so ki janye yafiyar Sallah? To, da wane baki zan kira mutane? Ki rufa wa kanki asiri, a shekarunki."

"Ƙafata ya danne. Ka gani."

"Na ga mutum ya yi rarrafe ya zo gabanki yana kuka. Abin da kowa ya gani ke nan."

Lauya ta dawo, ta ji labari ta yi tsaki, ta ce kotu ba ruwanta da gaisuwar Sallah, magana tana nan da ranta muddin mai shaida za ta tsaya. Aka aika kiran Yu Darsih. Ba ta zo ba. Aka sake aikawa, ta zo ta tsaya daga bakin ƙofa, ko kwandonta ba ta sauke ba.

"Mbok Yem, ki yi haƙuri," ta ce. "Da ba ki ce kin yafe ba, da ko wuta zan shiga miki. Amma kin faɗa, da kunnena na ji. In je in rantse a kan abin da mai shi ta yafe? Wa zai ƙara sayen ganyena? Ko gawata ba za su wanke ba."

"Kin san dalilin da na faɗa."

"Na sani." Ta share ido da bakin mayafi. "Amma kin faɗa."

Lauyar ta bi gida-gida tana neman wanda zai ce ya taɓa ganin ruwa a hanyar nan. Ba ta samu ko ɗaya ba. Kafin wata ya ƙare Pak Kaji ya sa an binne bututun a ƙarƙashin ƙasa, an sake zuba siminti, liman ya yi masa addu'a ranar Juma'a saboda gyaran hanyar al'umma. Parjan ya samu ƙarin matsayi, ya bar tukunya ya koma awo. Da aka sake kai Ngatiyem Solo bayan Babbar Sallah, likita ya dubi sabon hoton ya girgiza kai. Ya ce ƙashin ya mutu ya zagwanye, aikin da za a yi yanzu ya ninka na da, kuma ko an yi bai yi alkawarin komai ba. Ba ta tambaye shi nawa ba.

Ta koma kan tabarma. Tumini ta zuba manja da kananzir a sauran kwalaben. Matan da suka yi shekaru suna shan jamunta suka koma wajen wata mai zuwa a kan keke. In Ngatiyem tana son rana, sai ta ja gindi zuwa bakin ƙofa, ta zauna tana kallon ƙafafun masu wucewa. Bakin nan mai kaifi ya mutu, sai abu ɗaya da take nanatawa ita kaɗai, tana jiran shekara ta zagayo.

Ta zagayo kuwa. Pak Kaji ya mayar da abin al'adarsa, gidan Mbok Yem ne farkon inda yake zuwa, har ana ba yara misali da shi. Aka sake ɗora ta a kujera, ɗaki ya sake cika. Ya taho da rarrafe, ya taɓa gwiwar hagu da yatsu, sama-sama, ya faɗi abin faɗa.

Ngatiyem ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata. "Ban yafe ba," ta ce, kowa ya ji. "Ka karya ni, ka danne ni. Ban yafe ba, duniya da lahira."

Sai wata ta ce, "Wayyo, ruɗewar tsufa ta kama ta." Wasu suka yi 'yar dariyar tausayi. Tumini ta ce ai haka take yi kwanan nan, jiya ma da kaza take faɗa. Pak Kaji ya miƙe ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya shafa bayan hannunta.

"Ba komai, Mbok," ya ce. "Ai kin yafe tun bara."

Aka shafa fatiha, suka nufi gida na gaba, Parjan ya bi su riƙe da lemar Pak Kaji. Ita kuwa ta zauna a kan kujerar tana jiran ya dawo ya sauke ta.